A Fito da Yara Waje Tun Ido Bai Lalace Ba

A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, duk saurayin da ya cika shekara 19 sai an duba lafiyarsa saboda aikin soja na dole. Da likitoci suka tattara sakamakon gwajin idon samari sama da 23,000, a wani bincike da ya fito a 2012, sai suka tarar kashi 96.5 cikin 100 ba sa gani sosai daga nesa. In ka jera ɗari, waɗanda idonsu ya kuɓuta ba su cika huɗu ba. Kakannin waɗannan samari ba haka suke ba. A ƙasar Sin, a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, masu wannan lalura ba su haura kashi 10 zuwa 20 ba. Yau a manyan biranenta, da Taiwan da Singafo da Hong Kong, cikin kowane ɗalibai goma da suka gama sakandare, takwas ko tara sai da tabarau. Gado ba ya juyewa haka daga kaka zuwa jika. Abin da ya juye shi ne inda yaro yake wuni: da a waje, yanzu a ɗaka.

Hanyar da suka bi ita muka hau, kuma da gudu muka hau ta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu bai kama ba tukuna, amma ana jin ƙauri.

Ya kamata kowane uba da kowace uwa su san yadda abin yake faruwa, don a nan ne haɗarin yake. Ana haifar jariri da gajeriyar ƙwayar ido, tsawonta daga gaba zuwa baya wajen milimita 17. Tana girma tare da shi har ta tsaya a wajen 23 ko 24. In ta zarce, ko da milimita ɗaya ne, hoton abin da ke nesa sai ya haɗu kafin ya isa tantanin da ke bayan ido, rubutun allo ya zama dishi-dishi. Wannan shi likitoci ke kira mayofiya. Idon da ya yi tsawo kuwa ba ya komawa. Tabarau yana gyara gani, amma ba ya rage tsawon ƙwayar. Yaron da abin ya kama yana ɗan shekara shida yana da shekaru goma ko fiye da idon zai ci gaba da miƙewa, shi ya sa wanda ya fara da wuri shi ne ke ƙarewa da mai tsanani. Mai tsananin kuma ya wuce maganar kaurin gilashi. Tantanin ido yakan yi siriri har ya yage ko ya ɓalle, ga hawan jinin ido, ga yana tun kafin tsufa, ga lalacewar tsakiyar tantanin, wadda a yanzu tana cikin manyan abubuwan da ke jawo makantar da ba ta warkewa a gabashin Asiya. Wani hasashe da Brien Holden da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya ce nan da 2050 rabin mutanen duniya za su kamu, kusan biliyan ɗaya daga cikinsu da mai tsanani.

An daɗe ana ɗora laifin a kan gado da yawan duba littafi, kuma dukkansu suna da hannu. Amma a 2008 Kathryn Rose da Ian Morgan da abokansu suka kwatanta yara 'yan shekara shida da bakwai, duka 'yan asalin Sin, wasu a Sidni ta Ostareliya, wasu a Singafo. Iyayen ɓangarorin biyu kusan daidai suke wajen yawan masu tabarau. A Singafo kashi 29 na yaran sun kamu, a Sidni kashi 3 da ɗan ɗoriya. Yaran Sidni ma sun fi karanta littattafai. Bambancin da ya fito fili shi ne, na Sidni suna yin kusan awa 14 a waje duk mako, na Singafo awa 3.

Daga nan aka shiga gwadawa. A Gwanzu, birnin da 'yan kasuwar Kantin Kwari suka sani ciki da bai, an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kowace ranar makaranta, aka bar wasu makarantun yadda suke. Bayan shekara uku, a sakamakon da ya fito a 2015, kashi 30 ne suka kamu cikin waɗanda aka fitar, kusan kashi 40 cikin waɗanda aka bari. Taiwan kuwa tun 2010 ta umarci makarantun firamare su riƙa fitar da yara minti 120 a kullum, kuma yawan yara masu raunin gani, wanda ya shafe shekaru yana hawa, ya juyo ya fara sauka.

Maganin shi ne haske. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, hasken rana mai ƙarfi yana sa tantanin ido ya saki wani sinadari mai suna dofamin, shi kuma yana taka wa ƙwayar birki kada ta wuce ƙima. Hasken ɗaki, ko da fitila a kunne, da wuya ya wuce 500 a ma'aunin haske. A waje, ko a inuwar bishiya, dubbai ne, tsakar rana kuwa yakan kai 100,000. Mu idonmu yana ganin ɗakin fes, amma ga ido mai tasowa wannan duhu ne. Kullen korona ya tabbatar da hakan ta hanya mai ɗaci. A garin Feicheng na lardin Shandong a ƙasar Sin, inda ake gwada idon 'yan makaranta duk shekara, 'yan shekara shida masu mayofiya ba su taɓa wuce kashi 5.7 ba daga 2015 zuwa 2019. Bayan watannin zaman gida na 2020, da karatu ta fuskar waya da kwamfuta, sai ga su kashi 21.5.

A Afirka, nazarin da ya tattara binciken ƙasashe da dama a 2022 ya sami kusan kashi 5 cikin 100 na yara. Wannan adadi bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba, don yawancin yaran da aka ƙidaya sun tashi ne a rana. Yaron ƙauye da ke bin awaki, da yarinyar da ke yawon talla, da almajirin da ke gararamba a titi, matsalolinsu daban ne, kuma sun fi wannan nauyi. Gargaɗin nan na gidajen birni ne, na ma'aikata da 'yan kasuwa da duk wanda ya ɗan samu, waɗanda kowa ke kallo yana cewa haka ake tarbiyyar zamani.

A duba yinin yaro ɗan shekara bakwai a irin wannan gida, a Kano ne ko Kaduna ko Zariya ko Maraɗi. Ƙarfe bakwai an cusa shi a Adaidaita Sahu ko motar makaranta. Makarantar kuɗi ce, gidan haya ne mai ɗaki shida aka mayar azuzuwa, tsakar gidan ma an yi mata rumfar kwano an zuba benci. In an fita tara, fitar suna ce kawai, a aji ake buɗe kular abinci. A tashi ƙarfe biyu, a tsaya lasin zuwa uku. Ya dawo ya watsa ruwa, ya sauya kaya, sai Islamiyya daga huɗu zuwa shida. Ya shigo ana kiran magariba, ga aikin gida yana jira. Asabar da Lahadi akwai hadda tun safe. Ba ina kushe karatu ba ne, na boko ko na addini, babu uban da zai so ɗansa ya tashi jahili. Amma a lissafa: a duk wannan yini, minti nawa hasken rana ya sauka a idon yaron nan? Abin da ya cinye idon yaran Seoul da Singafo ke nan tun kafin a ƙera wayar shafa, wato aji, da lasin bayan aji, da ɗaki. Mu kuma mun ɗauki wannan tsari mun ɗora masa waya. 'Yan sa'o'in da suka rage masa, yammacin Alhamis da Juma'a da ba a zuwa Islamiyya, da ranakun hutu, waɗanda da can na ƙwallo ne da tsere, yanzu na kwanciya ne a kujera, waya tazarar taƙi ɗaya daga hanci.

Waɗanda suka tashi da talabijin za su ce ai mu ma mun yi kallo, me ya same mu? Ku tuna yadda kallon yake. Gidan talabijin ba ya buɗewa sai yamma, katun ɗin rabin awa ne, akwatin yana can nesa a kan kabad, kuma in kun zarce NEPA ce ke tashinku. Yau ga fawa banki, ga sola, ga mai caji a bakin layi. Ko babu data, mai tura fina-finai zai cika maka memori da Indiya-Hausa da katun a kan kuɗi kaɗan. Uwa uba, YouTube da TikTok an gina su ne don kada a tashi. Wannan bidiyo yana ƙarewa wani ya hau da kansa, kuma na'urar tana lura da abin da ya fi riƙe idon mai kallo ta ƙaro masa irinsa. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, a kashe fitila kowa ya kwanta. Wannan kuwa babu inda aka sa masa ƙarshe. Manya masu gemu sun kasa ajiyewa, ina ga ɗan shekara biyar?

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma na ƙanana ne, waɗanda ba su isa makaranta ba. A je gidan suna ko biki a leƙa ɗakin mata. Za a ga uwa ta jingina waya a jikin filas ɗin shayi, ta zaunar da ɗan shekara ɗaya da rabi a gabanta. Idonsa ƙur a kan katun, ko ƙiftawa ba ya yi. Cokali ya taɓa leɓensa ya buɗe baki, ya haɗiye, bai san shinkafa ce ko kunu ba, bai kalli fuskar mai ba shi ba ko sau ɗaya. In batir ya mutu sai ihu da birgima. Uwar ta ce, "Wallahi Yaya, ba ya cin abinci sai da shi." Wata ta karɓe da alfahari, "Ai nawa shi yake buɗe wayar da kansa, ya fi ni sanin kanta." A yi dariya a ce yaran yanzu sai Allah.

Ban ga laifin gajiyar uwar nan ba. Ga girki, ga wanki, ga goyo, wataƙila ga sana'a, kuma gidajen yanzu babu kaka, babu gwaggo, babu 'yan uwa goma da za su karɓi yaro. Waya ce mai renon da ba ta ƙorafi. Sai dai yaro yana koyon magana ne daga wanda zai amsa masa. Ya yi gwalantu, a mayar masa, ya nuna kaza, a ce "kaza ce, kore ta." Kakarsa ta tsokane shi, "Angona, yau ina cefanena?" ya ƙyalƙyale, ya yi ƙoƙarin ramawa. A wannan kai-komo harshe yake tsirowa, kuma katun ba ya jiran amsar kowa. A Japan an bibiyi yara sama da 7,000, sakamakon ya fito a 2023: waɗanda ke kallon awa huɗu ko fiye a rana suna 'yan shekara ɗaya sun fi sauran jinkirin magana a shekara biyu da shekara huɗu. A Ostareliya an rataya wa yara 'yar na'urar da ke ƙirga maganar da ake yi a kusa da su, aka gano a 2024 cewa ɗan shekara uku mai kallon kusan awa uku a rana yana iya rasa kalmomin manya sama da 1,000 a kowane yini. A gidajenmu akwai ƙarin asara, don ɗan abin da yaron zai tsinta ma ba Hausa ba ce. Sai ka ga yaro ya haddace waƙar katun da Turanci, amma a ce ya gaida kawunsa ya tsaya yana zare ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019. Yaron da bai kai shekara biyu ba, kada a zaunar da shi gaban sikirin. Daga biyu zuwa huɗu, kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na awa uku a warwatse cikin yini. Daga biyar zuwa sha bakwai kuma, a wata ƙa'idar hukumar ta daban, aƙalla awa ɗaya ta wasan da zai sa shi haki. Kowa ya auna gidansa da wannan.

Da can ba mu san wata ƙa'ida ba, dandali ne ke cika ta har da rara. A ɗauki langa. Yaro ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe da hannu, yana tsalle da ɗayar, hannu guda ya rage masa na ture abokin karawa. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. 'Yan ɓangare ɗaya suna kare ruwansu, wato wanda suka zaɓa a cikinsu, har ya kai sha, ɗaya ɓangaren suna neman kayar da shi. Cikin minti goma gumi ya wanke kowa, ƙirji yana bugawa, cinya tana zafi, ido yana can yana auna wanda ke tahowa daga ƙarshen fili. Sai gardama ta kaure, "Ka saki!" "Wallahi ban saki ba!" Babu alƙalin wasa, babu babba a kusa. Dole su sasanta da kansu, in ba haka ba wasa ya watse kowa ya yi asara. A nan yaro yake koyon shan kaye ba tare da kuka ba, da yadda ake jan ƙani a jiki, da sanin cewa mai maguɗi gobe ba a sa shi. Har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin langa tare da dambe da kokawa, amma a tambayi 'yan firamaren unguwannin masu hali, nawa ne suka taɓa riƙe ƙafa? Haka 'yar gala-gala da carafke da gaɗa a wajen 'yan mata, haka gare-gare da ɓuya, haka motar kara da yaro zai wuni yana fafewa yana haɗawa da hannunsa. 'Yan mata ma su ne abin ya fi shafa, don ko an bar namiji ya leƙa ƙwallo, ita ana tsare ta a ciki, kuma a ƙasashe da dama an ga mayofiya ta fi yawa a cikinsu in sun fara tasawa.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma gaskiya suka faɗa: waje ya lalace. Ba a manta da yaran Kano tara da aka gano a Anaca a 2019 bayan an sace su ba. Ga garkuwa da mutane, ga faɗan daba, ga masu ƙwacen waya, ga 'yan ƙwaya a kangon unguwa, ga babura da Adaidaita da ke keta lungu kamar babban titi. Tashen azumi ma, da yara ke jira shekara guda, 'yan sanda sun sha dakatar da shi a Kano saboda ɓata-gari. Filin da aka yi ƙwallo jiya, yau shaguna ne. Uwar da ta datse ƙofa ta miƙa wa ɗanta waya ba wauta ta yi ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili.

Amma ta sani, ƙofar gida ta rufe, ta buɗe wata. Wayar da ake ba yaro galibi ta babansa ce ko ta mamansa, cike da zaurukan WhatsApp da ake turo bidiyon gawarwakin harin 'yan bindiga da na haɗarin mota. Tsakanin katun da batsa shafa biyu ne ko uku. Tallar caca tana faɗowa ana tsakar gem. Wasannin harbe-harbe irin su Free Fire da PUBG suna da wurin hira, inda ƙaton da ba a san ko wane ne ba zai yi magana da ɗan shekara goma cikin dare, iyayensa suna barci a ɗaki na gaba. Shi kansa barcin ya tafi: ɗan firamare yana bukatar awa tara zuwa sha biyu, ga shi da waya a ƙarƙashin bargo har sha biyun dare, ga asuba, ga makaranta, sai malam ya ce yaron ba ya ganewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ƙasar Sin, wadda ke ƙera yawancin wayoyin da ke hannunmu, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem ɗin intanet zuwa awa uku a mako tun 2021. Ostareliya ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 buɗe shafi a dandalin sada zumunta. Masu abin suna janye 'ya'yansu, mu muna saya wa namu a matsayin kyautar cin jarrabawa.

Tunda tsoro ne ya shigar da yara ɗaka, tsaro ne zai fito da su, kuma wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya. Abin da ake nema awa biyu ne a rana a ƙarƙashin sama, ba lallai a jere ba, ba kuma lallai a tsakar rana ba. Wani bincike a Taiwan ya nuna inuwar bishiya ma ta wadatar, don haka zafin watan Afrilu ba hujja ba ne: akwai hantsi, akwai bayan la'asar, akwai gindin darbejiya. Tsakar gida marar rufi waje ce. Ƙofar gida waje ce. Kuma masu gadi suna nan a zaune. Kusan kowane layi akwai majalisa, magidanta biyar ko goma a kan benci ko tabarma daga la'asar zuwa magariba, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Da za su ɗaga kai su ce yaran layin nan su fito su yi wasa a gabanmu, a gitta benci a bakin lungu don masu babur su rage gudu, da an gama rabin aikin ba tare da an kashe sisi ba. Mata kuma su yi karɓa-karɓa, yau 'yan matan layi a tsakar gidan wance, gobe a na wance. Mai unguwa da liman su taka su sami shugaban firamaren gwamnati da ke kusa, a roƙi a buɗe filin da yamma, a sa dattijo biyu da 'yan sintiri su zauna. Duk filin da ya rage a unguwa kuma, ranar da aka ga an zo da tef ana aunawa, ranar ya kamata jama'a su tashi, ba sai an kafa harsashi ba.

Makarantu su ne suka fi kowa iko a nan, don a hannunsu yaro yake wuni. Iyaye in za su sa yaro makaranta sukan tambayi kuɗin zango, da yunifom, da ko ana koyar da kwamfuta. A ƙara tambaya ɗaya: "Malam, ina filin wasanku, kuma minti nawa suke yi a ciki?" In an nuna maka lilo guda a kan siminti a ƙarƙashin rumfa, ka san amsar. A tayar da maganar a taron iyaye da malamai: a kori kowa daga aji lokacin tara, a daina cinye darasin motsa jiki da lissafi, a daina ba 'yan nazare aikin gida. Hukumomin da ke ba makarantun kuɗi lasisi su daina sa hannu ga ginin da ba shi da inda yaro zai yi gudu. Malaman Islamiyya kuma abin ya fi musu sauƙi, don karatun allo tun asali a zaure da gindin bishiya aka san shi. Hadda da muraja'a ba sa bukatar bango huɗu. A shimfiɗa tabarmi a inuwa a yi rabin karatun a can.

A cikin gida, gyaran daga babba zai fara. Uban da ke amsa gaisuwar ɗansa ido na kan waya ba shi da bakin cewa a ajiye. A tsayar da abubuwa kaɗan a riƙe su da gaske: babu waya a wajen cin abinci, babu ita a ɗakin kwanan yara, a kashe komai awa guda kafin barci. Wanda bai kai shekara biyu ba kada a ba shi sam, sai dai in gaisawa zai yi da babansa da ke tafiya ko kakarsa ta bidiyo, don wannan hira ce da mai amsawa. In za a yi kallo, gara talabijin daga nesa, kowa yana gani, da waya a tafin hannu a ƙuryar ɗaki. Ɗan firamare ba ya bukatar wayar kansa. Za a sha kuka da birgima na 'yan kwanaki, kada a karaya, kada kuma a rama da bulala. A karɓi wayar a ba shi abin da ya fi ta: ƙwallo, igiyar tsalle, tsohuwar taya, 'yan uwansa yara, ko a riƙe hannunsa a tafi masallaci da kasuwa a ƙafa.

Wanda kuma abin ya riga ya fara taɓawa, a lura da alamu. Yaro yana tsuke ido in zai kalli abu mai nisa, yana matsawa jikin talabijin, yana kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi maimakon allo, yana yawan murza ido ko kukan ciwon kai, ko ƙoƙarinsa ya faɗi ba dalili. Da yawansu ba za su faɗa ba, don sun ɗauka kowa haka yake gani, wasu har dukansu ake yi a kan daƙiƙanci. A gwada a gida: a tsayar da shi taku shida daga kalandar bango, a rufe ido ɗaya ya karanta, a sauya ɗayan. In an ga alama, a kai shi wurin likitan ido, a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko sashen ido na asibitin koyarwa, ko babban asibitin da ya fi kusa. Kada a saya masa tabarau a faranti a kasuwa, kada a ɗiga masa wani haɗi. Maganar da ake yi cewa tabarau yana ƙara kashe ido ba gaskiya ba ce, binciken da aka yi ma ya nuna rage wa yaro ƙarfin gilashin da ya dace da shi ba ya taimakawa, yana iya ƙara saurin lalacewar. Akwai kuma maganin ɗigawa da gilasai na musamman da ke rage gudun miƙewar ƙwayar, likita ne zai faɗi wanda ya dace. Hasken rana ya fi amfani wajen hana abin farawa, don haka in an gano shi a jikin babban wa, ƙannensa ne za a fara fitarwa waje tun daga wannan makon, shi kuma a riƙa mayar da shi gwaji duk shekara.